Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Sudan: A Aiko Mana Likitan Da Ba Na Kowa Ba

Mai girma Minista,

 

Na san wasiƙar nan ba za ta shiga kunnenka ba sai ka nemi mai fassara maka ita. Da gangan na yi haka, ranka ya daɗe. Larabci ba baƙona ba ne, da shi na koyar shekara talatin da ɗoriya a makarantun firamare tsakanin Sinnar da Jazira. Na rubuta da Hausa ne don ka ɗanɗana, ko na minti goma ne, yadda mutum kan ji idan takardar da ta shafe shi tana gabansa, amma sai wani ya ga dama zai san abin da ke ciki. Kai kana da ikon kiran tafinta, ka sallame shi in ya yi maka ha'inci. Waɗanda zan yi maka magana a kansu ba su da wannan gata.

Ba sai na daɗe wajen gabatar da mu Hausawan Sudan ba. Wasunmu jikokin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa Maiurno a bakin kogin Nil Azraƙ. Wasu kuma jikokin alhazai ne da hanyar Makka ta ajiye. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ya shiga gonakin Jazira, hannuwanmu na cikin waɗanda suka ciri auduga, suka yashe tur'a, wato magudanar ban ruwa, suka ɗauki buhu. Har yau muna nan, a ƙauyuka da kanabi (jam'in kambo, sansanin leburorin gona), daga Manaƙil zuwa Rusairis. Aikin ƙarfi ne abincin yawancinmu, kuma mai cin abinci da bayansa, ranar da bayan ya karye komai nasa ya karye.

Ɗan ƙanwata yana da shekara ashirin da huɗu lokacin da abin ya same shi, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Sun yi wa wata lori lodin gyaɗa, suka hau saman kaya kamar yadda kowa ke yi. Tayar baya ta nutse a gefen tur'a, motar ta karkata, ya faɗo, buhu ya biyo shi. Abokan aikinsa suka kama hannu da ƙafa suka naɗe shi a bayan motar bokis. Daga baya na fahimci wannan ɗaukar kaɗai tana iya ƙarasa abin da faɗuwa ta fara, amma wa ya taɓa faɗa musu? Aka cike Urnik 8, takardar 'yan sanda da likita ke rubuta rauni a kanta, a daren, aka rubuta abin da ido ya gani: ƙujewa a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, a ci gaba da dubawa.

A kwana na tara mai motar ya zo da wani likita na saninsa. Mutum mai fara'a, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Ya buga gwiwar yaron da ɗan gudumarsa, ƙafar ta ɗan motsa. Uwarsa ta yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Likitan ya taɓa ƙaurinsa, ya tambaye shi da Larabci ko yana ji, yaron ya ce na'am. Na tambaye shi daga baya, ya ce shi bai ji komai ba, amma babban mutum ya tambaye shi a gaban kawunansa, me zai ce? Aka rubuta cewa ji yana dawowa, ana sa ran zai taka nan da wata uku. A kan wannan takarda ajawid, wato dattawan sulhu, suka zauna judiyya, suka yanke kuɗin jinyar wata uku da ɗan abin sa wa baki, yaron ya dangwala yatsa cewa ba shi da sauran magana. Kuɗin bai kai damina ba. Yau yana kwance a kan gadon angarib a rumfar uwarsa, ita ke juya shi, ita ke wanke gyambon da kwanciya ta huda masa a ƙugu.

Ban ce likitan nan ya zauna ya shirya ƙarya ba. Wataƙila shi ma motsin ƙafar ya ruɗe shi. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma idon da aka biya ya fi saurin ganin sauƙi. Dattawanmu sun san akwai kumsiyon na likitoci da ke yanke kason naƙasa. Amma a lokacin zuwa can yana nufin hayar motar da mutum zai kwanta a ciki, da masu rakiya biyu, da kwana a birni, ga kuma ƙarar da za a bar ta a buɗe har a tura ka. Mai motar kuwa yana bakin ƙofa da kuɗi a hannu, gida ba hatsi. Kai ma da kana wurin, ranka ya daɗe, da ka ce a karɓa.

Lalura ta mai da ni ɗalibi bayan na yi ritaya. Abin da ya fi ƙona mini rai cikin abin da na koya shi ne, gwajin raunin laka na gaskiya, wanda likitocin duniya suka yarda da shi, ba ya buƙatar lantarki. Auduga ce da tsinin allura da safar hannu, sai haƙuri. Ana taɓa wurare 28 a kowane gefen jiki, daga ƙeya zuwa ƙasa, sau ɗaya da auduga sau ɗaya da tsini, mara lafiya idonsa a rufe, don kada ladabi ya amsa a madadin jijiya. Ana gwada tsokoki 10 a kowane gefe, a ba kowace maki daga sifili zuwa 5. Sannan a duba mafitar bayan gida, domin jijiyoyin can su ne na ƙarshe a laka, su ke nuna ko akwai sauran saƙon da ke ratsa wurin raunin ko hanya ta yanke gaba ɗaya. Daga nan ake sa mutum a ɗaya daga darajoji biyar. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi wa ɗan ƙanwata. Motsin da uwarsa ta yi wa guɗa kuwa, sananne ne a wajen masana: laka takan yi suman wucin gadi bayan rauni, in ta farfaɗo sashen da ke ƙasa da raunin yakan fara harba ƙafa da kansa, ba tare da umarnin ƙwaƙwalwa ba. Mai gani daga nesa sai ya ce warkewa ce.

Ga kuma lokaci. Abin da zai dawo wa mai raunin laka yawanci yana dawowa ne a watanni shida na farko, wani ya kai shekara ko ya wuce. Wanda ya yanke hukunci a kwana tara duba ya yi. Wannan ma ba sai Turawa sun koya mana ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya, ya kuma ji cewa karyewar tsatso diyya ce cikakkiya. Ajawid ɗinmu sun san wannan. Takardar likita ce ta rufe musu baki, domin a idon ɗan ƙauye, abin da aka buga wa hatimi ya fi ƙarfin abin da aka haddace.

Akwai tambayoyin da ba a yi masa ba, kuma ko an yi ba zai amsa ba a gaban mu. Fitsari yana riƙuwa? Bayan gida fa? Sha'anin mazakuta fa, ga shi da baiko? Waɗannan su ne rabin naƙasar, su ne kuma masu kisa, domin ciwon mafitsara da ƙoda da gyambon kwanciya su ke ɗauke masu raunin laka a wuraren da babu kulawa. Bahaushe ba ya faɗin irin wannan a gaban kawunsa, ba ya faɗa da harshen da ya koya a kasuwa. Mace kuwa, in tafintanta ƙanin mijinta ne, za ta ce lafiya lau har ta mutu.

Kada ka ɗauka ina neman likitan da zai tsaya mana ne ko da gaskiya ko babu. A Jazira ƙafafu kan shanye ba tare da faɗuwa ba. Ƙwan bilharziyar da ake ɗauka a ruwan tur'a yakan kai ga laka ya kumbura ta, tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya har ya danne ta. Waɗannan biyun suna da magani in an gano su da wuri. Likitan da mai mota ya kawo zai so ya ce bilharziya ce don a wanke ubangidansa. Likitan da dangi suka kawo zai so ya ce faɗuwa ce don a sami diyya, a bar yaro da cutar da ƙwayoyin magani za su iya tsayarwa. Ko ta ina aka karkata ma'aunin, mara lafiya ne a ƙasa.

Yanzu ƙara yaƙi a kan wannan. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da Ganis da Damazin, a Oktoba kuma Wad al-Mahi ta rasa mutum sama da 200 cikin 'yan kwanaki. Kafin mu gama binne wannan, sai ga yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023. Dakarun Da'am Sari, masu yaƙi da sojoji, suka shiga Madani a Disamban wannan shekara, suka shiga Sinja a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, kuma a cikin wannan watan kanabi irin su Kambo Taiba suka ga nasu tashin hankalin. Harsashi a baya, rufin ɗaki da ya rufto, motar gudun hijira da ta kife. Waɗannan ba su da ko Urnik 8, domin ranar da abin ya same su babu ɗan sanda babu likita. Wata rana za a zauna maganar biyan diyya da tallafi, a ce kowa ya kawo shaida. Idan ba a auna su yanzu an rubuta ba, a ranar mai baki da mai hanya ne za su cika layi.

Bari in juya ga laifina ni kaina, don kada in zama mai nuna yatsa kawai.

A shekarun da na yi ina koyarwa, akwai kalma ɗaya da muke liƙa wa yaro: balid. Daƙiƙi ke nan. Na faɗe ta, na rubuta ta, na kuma bi ta da bulala. Yara uku ba sa barin zuciyata. Ta farko yarinya ce da ta shekara biyu a aji ba ta ce uffan ba. Ba ta jin Larabci ne kawai, a gidansu da unguwarsu Hausa ake yi. Ranar da na ji ta tana yi wa ƙannenta tatsuniya a bakin famfo, da sauya murya da waƙa da komai, na ji kunya ta rufe ni. Na biyu kunnensa ke zubar da ruwa tun yana goye, yana zaune a layin baya, rabin abin da nake faɗa ba ya isa gare shi. Na ukun shi ne ya fi ba ni mamaki. A halwa, wato makarantar allo, ya haddace izu da yawa da ka, malam ya biya sau biyu ya ɗauke. Amma a miƙa masa allo sai ya daskare. Haruffan ba da ta da sa da nun duk ɗaya suke a idonsa, ɗigon sama da na ƙasa suna yi masa wasan ɓuya. Da aka kai ajin da littattafai ke barin wasali, sai ya nutse gaba ɗaya. Na dake shi fiye da sauran, domin na ga yana da kai, na ɗauka iskanci ne. Yau masunci ne a tafkin Rusairis, yana riƙe da lissafin bashin mutum ashirin a ka ba ya kuskure, amma ba ya iya karanta saƙon waya. Sai bayan na bar aiki na ji sunan abin, disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa ga yaron da hankalinsa lafiya lau.

Yara uku, matsala uku, magani uku. Ɗaya tana buƙatar malamin da zai fara da ita da harshenta, ɗaya likitan kunne da kujerar gaba, ɗaya koyarwa ta musamman a hankali, harafi da sauti, da ƙarin lokaci a jarrabawa. Mu muka zuba su a kwando ɗaya.

Za ka ce wannan aikin ministan ilimi ne. Rabinsa nasa ne. Amma makaranta ba za ta iya zama alƙalin kanta ba. Na ga shugaban makarantar da ya kira uba ya ce yaronka kansa ba ya ɗauka, don kada yaron ya shiga jarrabawa ya rage wa makarantar yawan masu cin nasara. Na ga uban da ya yi murna da jin haka, domin hawasha, wato gona, na jiran hannu, ko kuma akwai mai neman auren yarinyar. Malami ya huta, uba ya huta, babu wanda ya duba kunne ko ido ko jini. Dubawar nan kuwa taka ce. Kafin a ce yaro yana da matsalar koyo, sai an tabbatar yana ji, yana gani, maleriya da bilharziya da yunwa ba su shanye masa jini ba, sannan a tambayi shekara nawa ya zauna a aji da gaske. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Waɗanda suka koma yanzu, ɗan shekara goma yana aji biyu, wani in ƙofa ta buga sai ya shige ƙarƙashin benci. In aka saki kalmar balid a cikin waɗannan, za ta cinye tsara guda.

Wasu ƙasashe sun taka wannan ƙaya kafin mu. A 1970, a jihar Kalifoniya ta Amurka, iyayen yara tara 'ya'yan leburorin gona masu jin Sifaniyanci suka kai hukumar ilimi ƙara, saboda an gwada basirar 'ya'yansu da Ingilishi an tura su ajin masu raunin hankali. Da aka sake gwajin da harshen da suke ji, yawancinsu suka haye. Daga nan aka wajabta gwada yaro da harshen gidansu. 'Ya'yan leburorin gona, ranka ya daɗe. Da na karanta labarin sai na ga kamar a kambo aka yi shi.

Gwada yaronmu da Hausa ba abu ne mai wuya ba. Tushen karatu shi ne kunnen yaro ya iya tsinka kalma gaɓa-gaɓa, ya gane sautin farko da na ƙarshe. Yaranmu suna yin wannan a dandali ba da sanin kowa ba, in suna zaurance ko karin harshe. Na lura yaron nan na uku, duk da kaifin haddarsa, in ana zaurance sai ya koma gefe. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ana iya neman hannunsu. Sai dai a yi hattara, Hausarmu ta sha Larabci, yaron da bai san makaranta da asibiti ba sai madrasa da mustashfa, jerin kalmomin Kano ma zai iya kayar da shi. Dole malamanmu na nan su zauna a kan aikin.

Abin da nake roƙo ba sabuwar ma'aikata ba ce. Kumsiyon yana ƙarƙashinka, jihohi ma suna da nasu. A sa masa taya. Tawaga ƙarama ta isa: likita ɗaya da ya iya gwajin laka, mai gashin ƙashi, mai duba ido da kunne, masanin halayyar yara, da tafinta biyu, mace da namiji, waɗanda ba dangin mara lafiya ba ne, ba kuma yaran mai mota ko mai hawasha ba. Muna da 'ya'ya ma'aikatan jinya da mataimakan likita da yaƙi ya zaunar a gida, su za su yi. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, sunan da kwalejin likitancinta ta yi a duniya ta yi shi ne da tura ɗalibai ƙauyuka. Hanyar kambo ba baƙuwarsu ba ce.

Maganar wa zai biya ita ce gaba da komai. A Amurka ma akwai abin da suke kira gwajin likita mai zaman kansa, amma sau da yawa kamfanin inshora ne ke zaɓar likitan ya biya shi, ma'aikatan da suka ji rauni kuma suna ta kuka da hakan. Suna kaɗai ba ya 'yanta likita. Kamfanonin inshorar motoci da masu ɗaukar leburori su zuba kasonsu a asusu ɗaya, a riƙa biyan likitan daga can, a kuma tura shi bisa layi, yadda ba mai zaɓarsa ba kuma mai iya canza shi. A ba mara lafiya kwafin rahotonsa a hannu, a karanta masa da Hausa kafin ya dangwala yatsa. A ba shi haƙƙin sake gwaji bayan wata shida da bayan shekara. Ka kuma yi magana da takwaranka na shari'a: duk sulhun da aka yi kan raunin baya kafin wannan wa'adi, a ɗauke shi a matsayin kuɗin jinya, kada ya rufe ƙofar diyya. Ajawid ba za su ƙi ba, abin da littafinsu ya faɗa ke nan.

Kada kuma a tsaya a bakin ƙofa ana tambayar raƙam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ka san wahalar da mutanenmu ke sha kafin su same shi, ana tambayar jikan wanda aka haifa a Maiurno daga ina kakansa ya zo. Wasu kuma takardunsu sun ƙone tare da ɗakunansu. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta yi dokarsu a 2017. Amma duk abin da ke cikin dokar, da keken guragu, da taimakon Diwanin Zakka, da katin inshorar lafiya, ƙofarsu takardar shaidar naƙasa ce. In takardar ma sai da wata takardar, to an rufe ɗaki an jefa mabuɗin ciki.

Idan za a zo, a zo da rani. Daga Yuli zuwa Oktoba baƙar ƙasar Jazira ba ta barin mota ta kai kambo, ko karo da jaki sai da dabara. A sanar a masallatai mako biyu kafin ranar, a haɗa da ranar kasuwa, a kuma shiga gidaje, domin waɗanda suka fi buƙata ba za su iya fitowa ba. A tanadi robar fitsari da safar hannu da yawa, za a tarar da masu amfani da roba ɗaya wata da watanni.

Takardar likitan nan mai fara'a tana nan a akwatin ƙanwata, a naɗe cikin leda tare da takardar sadakinta. Har yanzu takan ciro ta ta ba ni in karanta mata wurin da aka ce wata uku. Ranar da tawagarka ta iso, ita zan fara miƙa musu. Auduga kuma muna da ita, in sun manta da tasu.

Wassalam. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyi.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga wani ƙauye a bakin Nil Azraƙ.